Wa Yac Ce?

Kakata ba ta karɓar labari sai ta san ubansa. In yaro ya shigo gida da gudu yana haki, ya ce fara ta sauka gabas da gari, ko an ga wata, ko wane ya cika, ba ta ko ajiye mazarinta. Ɗago kai kawai take yi ta ce, "Wa yac ce?" In ka ambaci suna sai ta ƙara ta biyu: "Shi yag gani da ido nai, ko hwaɗa mai anka yi?" Wani lokaci har ta uku, ta tambayi inda mutumin yake tsaye sa'ad da ya faɗa, da waɗanda ke wurin. Sai labari ya tsallake waɗannan sannan ta yi salati, ko ta yi hamdala, ko ta ɗauki gyale ta nufi gidan gaisuwa.

A wani ƙauye na yankin Ɗan Kassari na tashi, cikin ƙasar Arewa, ba nisa da babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai, ta bi Doso da Dogonduci, ta nufi Ƙonni. Kwanan nan wani ɗan ƙanena ya nuna mini yadda yake yi wa wayarsa tambaya tana ba shi amsa da Hausa, kamar mutum. Ya ce, "Baba, wannan ita ce ƙirƙirarriyar basira, ba abin da ba ta sani ba." Ina kallon rubutun na fitowa layi bayan layi, sai tambayar tsohuwa ta faɗo mini a rai. Tun ranar nake waiwayen hanyoyin da labari ya bi ya riƙa iso mana, da yadda kowace hanya ta amsa wannan tambaya.

Ta farko da na sani ita ce gangar sanƙira. Bayan magariba, an gama tuwo, sai ka ji kiɗa daga ƙofar mai gari. Mata su tsai da daka, maza su yi tsit a dandali. Sanƙira ya ce mai gari na gaishe ku, ya ce gobe masu lamba za su zo a fito da yara, ko lokacin lanho ya yi, ko kowa ya ɗaure dabbarsa don an yi shuka, ko ana cigiyar jaki mai tsage a kunne. Ba mai buƙatar tambayar wa ya ce, don da sunan mai maganar ake buɗe shela. In sanƙira ya ƙara gishiri, da safe za a tare shi a bakin rijiya, kuma mai gari zai ji. Sauran labari kasuwa ke kawo shi, da fatake, da baƙon da ya kwana a zaure. Goro shi ne takardar gayyata. Malam shi ke rubuta wasiƙa da ajami, wani malamin a can ya karanta.

Ba zan yi wa wancan zamani kwalliyar da ba ya da ita ba. Labari na da nauyin ƙafa. Mutum ya rasu a Tibiri, ƴaƴansa a nan su ji bayan an yi sadakar uku. Mace na naƙuda ta yi tsanani, sai an ɗaura wa shanu amalanke ba tare da an san ko akwai ma'aikaci a likita ba. Manomi ya sayar da tiyar gero a ƙofar gida da rahusa, alhali a kasuwar da ke tafiyar yini guda kuɗinta ya ɗaga. Kuma abin da sarauta ba ta so talaka ya ji, ganga ba ta faɗa.

Akwai labari guda na ƙasarmu da nake ganin ya isa darasi a wannan magana. Lugu, garin Sarauniya, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari yake. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta iso can, bayan ta ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Kwara. Mutanen Lugu suka tare ta da baka da kibiya. Rundunar ta wuce ta yi kisa mai muni a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Yaya hukumar Paris ta san abin da sojojinta ke yi? Wani hafsa mai suna Péteau da aka kora daga rundunar ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa, wasiƙar ta bi hannu har ta kai ga ƴan siyasa. Sai aka tura Kanar Klobb ya bi sawunsu, ya cim musu a Dankori kusa da Tasawa, suka harbe shi ranar 14 ga Yuli, su ma sojojinsu suka kashe su cikin ƴan kwanaki. Dubban mutane sun gani da ido, sun yi kuka, sun gudu, labari ya cika kasuwannin ƙasar Hausa, amma bai zama labari a wurin masu iko ba sai da Bature guda ya sa shi a takarda.

Abin da hafsoshin Faransa suka rubuta game da Sarauniya layuka ne kaɗan, su ma na raini. A 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia, wanda ƙagaggen labari ne da ya gina a kan abin da ya faru. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim, aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Ina girmama aikin mutanen nan biyu, don su suka fitar da sunan Lugu duniya. Sai dai Sarauniyar littafi daban, wadda tsofaffin Lugu da Bagaji ke ba da labarinta daban, kuma sarautar ba ta ƙare a 1899 ba, an ci gaba da naɗa Sarauniya bayanta. An yi ƙoƙarin tattara maganar mutanen wurin. Marc-Henri Piault ya rubuta tarihin Arawa a 1970, ƙungiyar Tarbiyya Tatali ta taimaka aka fitar da littafi a kan Lugu da Sarauniyarta a 2007. Duka da Faransanci. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Rediyo ce ta fara karya ikon ganga. An buɗe ta ƙasa a Yamai a 1958, ita ce daga baya ta zama Muryar Sahel. BBC ta fara Hausa tun 1957, Jamus ta biyo, Amurka ta biyo, ga Kaduna da gaishe-gaishenta na zaɓi sonka da ake kamawa tar a nan. Na tuna rediyon mahaifina cikin rigarta ta fata da dukawa suka ɗinka, da yadda ake shanya batura a rana don su ƙara kwana biyu. Da asuba maza su zagaye ta a zaure, ba mai tari. Amsar tambayar kakata ta sauya kama: "Landan ta ce." Ba mu san fuskar mai maganar ba, amma mun san muryarsa da sunansa, mun san gidan da ke ɗauke da alhakinsa, kuma in Landan ta faɗa za a jira a ji ta bakin Jamus da rana. Mutanen da ba su taɓa shiga lakwal ba suka iya auna majiya da majiya.

Wani abu da aka yi a Nijar lokacin ya cancanci a tuna da shi yau. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Ba saurare kaɗai ake yi ba. Jagoran kulob na zuwa da na'urar ɗaukar murya, a tattauna batun noma ko lafiya ko auren wuri, a ɗauki abin da mutanen gari suka ce a aika Yamai, a haɗa shiri da shi. Manomi ya ji muryar manomi ɗan uwansa na fitowa daga akwati. Ban san wata dabara da ta fi wannan mutunta mai saurare ba.

Sai kaset. Ɗan ci-rani a Legas ko Abijan ko Libiya ya ɗauki muryarsa, ya gai da kowa da suna har jaririn da bai gani ba, ya faɗi yadda za a raba kuɗin da ya aiko, ya ba direba. Uwa ta saurara sau goma. Ba malam a tsakani, ba ɗan lakwal da zai karanta sirrin gida.

A can sama kuma hukuma na gina nata tsarin. An kafa cibiyar Agrhymet a Yamai a 1974, bayan babban farin da ya halaka dabbobi, don bin sawun ruwan sama da amfanin gona a ƙasashen Sahel. A ƙarshen shekarun 1980 aka kafa tsarin tattara farashin hatsi a kasuwanni da na gargaɗin yunwa. Ma'aikaci ya zo kasuwa da littafi, ya tambayi kuɗin tiya, ya rubuta, ya aika. Aiki ne mai amfani, amma ruwansa sama yake gudu. Daga bakinmu ake ɗiba, ya tafi ofis, abin da ke dawowa kaɗan ne kuma a makare. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, alƙaluma na nan a takarda sa'ad da mata ke tafasa ganye.

Salula ce ta juya ruwan. Daga 2001 eriyoyi suka fara tashi gari bayan gari. Wata mai bincike daga Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya shiga, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Mu mun ga haka da ido kafin a rubuta. Ɗan kasuwa da a da sai ya hau mota ya je Ƙonni ya ga kuɗin wake, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. A 2009 da 2010 ita da abokan aikinta da ƙungiyar CRS suka gwada koyar da yaƙi da jahilci da waya a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, waɗanda aka koya wa da waya suka fi riƙe karatu da lissafi. Dalilin a fili yake: wanda ya koyi baƙi yana da wurin amfani da shi kullum, ko don ya gane sunan mai kiransa.

Na ga wata gwaggona tana gane lambobin ƴaƴanta ba ta san harafi ko ɗaya ba. Jikarta ta sa wa kowa alama, wannan tauraro, wancan fure, na Libiya kuma jirgi. In wayar ta yi ƙara ta duba ta ce, "Mai jirgi na." Ta ɗaure wayar a bakin zane tare da kuɗin cefane, ranar kasuwa ta ba da ita a kai wa mai faifan hasken rana ya cika mata wuta. A wurinta tambayar kakata ta samu amsa mafi ƙarfi da ta taɓa samu: shi ya ce, da bakinsa, na ji muryarsa.

Daga nan ne abu ya fara kwancewa. Da manyan wayoyi suka zo da WhatsApp, saƙon murya ya zama wasiƙar kowa, kuma alherinsa ba ya ƙirguwa. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, ta buɗe cibiyar kira inda manomi ke aika tambaya da Hausa ko Zabarmanci, har da hoton ganyen da ya lalace, masani ya ba shi amsa. Amma ta wannan ƙofa "an ce" ya shigo. Murya ta iso wayarka bayan ta bi hannu hamsin. Ba suna, ba gari, ba rana. Wani na rantsuwa cewa allurar rigakafi kaza na hana haihuwa, wani na cewa mahara sun taso, a kwana a daji, da safe a ga hoton na wata ƙasa ne kuma ya shekara biyar. A yankin da ke kusa da iyaka, inda tsoron ɓarayin shanu da masu satar mutane gaskiya ne, ƙaryar dare ɗaya na iya sa a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba. Sanƙira na da fuska. Mai saƙon nan ba ya da ita.

To ga ƙirƙirarriyar basira ta iso a kan wannan hali. Tun da aka saki ChatGPT a ƙarshen 2022 irinta suka yawaita. Yadda take aiki ba sihiri ba ne. An ɗura mata rubuce-rubucen da ba sa lissafuwa, ta koyi wace kalma ke bin wace, har ta iya harhaɗa amsa mai daɗin ji a kan kusan kome. Ba ta ga kome da ido ba. Duk abin da ke bakinta faɗa mata aka yi, kuma sau da yawa ba ta iya nuna wanda ya faɗa. Inda abin da aka ɗura mata ya gaza, takan cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, da murya ɗaya da wadda take faɗin gaskiyar.

Ina ganin amfaninta, kuma ba ƙarami ba ne. Mafi girma shi ne tana koyon ji da magana. Galibin manyanmu a karkara ba sa karanta boko, sun shekara sittin suna neman wanda zai karanta musu takardar asibiti, ta alƙali, ta filin gona, duk da Faransanci. In waya za ta karanta wa mace takardar maganin ɗanta da harshenta, ta ce sau nawa a yini, wannan ƴanci ne. Akwai manhajar Nuru ta jami'ar jihar Pensilbaniya da ke gane cutar rogo da tsutsar masara daga hoto. Irin wannan za a iya yi wa gero, a gane murzuna tun ba ta cinye zangarniya ba, a sanar da ma'aikatan gona a kan lokaci. Hasashen ruwa ma in ya sauko daga na jiha zuwa na ƙauye, manomi zai san ko ya yi binne ko ya jira, ba ya zubar da irinsa sau uku. Masanan da ke amsa kiran manoma kaɗan ne, manoman kuwa miliyoyi. Na'ura za ta iya ɗauke musu tambayoyin yau da kullum, muddin akwai mutum mai suna a bayanta da zai duba, wanda za a iya kama wa in shawara ta ɓata gona.

Damuwata uku ce, kuma ta farko ta fi hana ni barci. Na'urar nan na iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa. Gwaggona da ta dogara da kunnenta, ranar da aka kira ta da muryar mai jirgi yana kuka, yana cewa an tsare shi a aiko kuɗi, me zai kare ta? Abin da ya fi kome tabbas a hannunta shi ne aka koya wa na'ura ta ƙirƙira. Dole gidaje su koma ga dabarar da: a yi wata kalma ta sirri tsakanin uwa da ɗa, a kashe a sake kira, a tambayi abokin zamansa.

Ta biyu harshe. Google ya sa Hausa cikin masu fassararsa tun 2013, kuma matasan masana irin na Masakhane da HausaNLP na aiki tuƙuru. Amma Hausar da na'ura ta sha ita ce ta jaridu da intanet, wato ta Kano da Kaduna. Ranar da ɗan ƙanena ke nuna mini, na ce ya rubuta mata cewa na sayi goro na dala ashirin, ta fassara da Faransanci. Ta mai da ni mai sayen goro da dalar Amurka ashirin. A nan dala tamma biyar ce, dala ashirin sefa ɗari ke nan, jika kuma dubu. Duk yaron da ke talla ya san wannan. Wanda bai san lissafin kuɗinmu ba, yaya zai ba mu shawarar ciniki? Haka za ta yi tuntuɓe da "shina zakkuwa", da "biyat", da "ɗiya", da lakwal da mushe da lanho. A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ina fatan a fahimci cewa wannan matsayi na da aiki a bayansa, kuma cikin aikin har da shigar da Arewanci da Adaranci da Gobiranci da Damagaranci inda na'urori ke koyo.

Ta uku ita ce ta mai da ni Lugu. Ɗalibi a Ɗan Kassari yau in malami ya ba shi aikin gida a kan Sarauniya, wayarsa zai tambaya. Wayar za ta ba shi abin da aka rubuta: ɗan abin da hafsoshin Faransa suka bari, da labarin Mamani, da fim ɗin Med Hondo, ta gauraya su ta miƙa masa a matsayin tarihi. Ga Lugu nan tafiyar babur, ga tsofaffin da suka ji daga kakanninsu, amma maganarsu ba ta shiga cikin abin da aka ɗura ba. Abin da ya faru a 1899 ne ke neman maimaituwa: wanda ya gani ba a jin ta bakinsa sai wanda ya rubuta. Kuma ba tarihin sarauta kaɗai ba. Wace fadama ce ke riƙe ruwa har rani, wane icce ne ba a sara, yaya ake gane ƙasar da maiwa ke so da wadda zango ke so, ina burtalin Fulani ya bi kafin a nome shi, wa ya fara haƙa wace rijiya. Rigingimun gona da yawa a kan waɗannan ake yanke su, kuma duk a ka suke.

Ban yarda a ce mu guji na'urar ba, don yaranmu sun riga sun riƙe ta. Ban kuma yarda mu zuba mata duk abin da muka mallaka kyauta ba, a kwashe a sayar mana. Akwai sanin da masu shi ba sa so ya fita daga ɗaki, wannan haƙƙinsu ne. Abin da suka yarda a ɗauka kuwa, a ɗauka da ƙa'ida, ya zauna a hannunmu tukuna: a gidajen rediyon karkara, a ofishin magajin gari, a cibiyoyin Yamai irin su IRSH da CELHTO da ke adana maganar baka. Masu kulob na rediyo sun yi haka da na'ura mai nauyi da ake rataya a kafaɗa. Yau kowane ɗan sakandare na da wadda ta fi ta a aljihu.

Don haka kirana gare ku ne, ɗaliban Arewa da malaman makaranta da ma'aikatan rediyo, daga Matankari har Tibiri. Wannan hutun, kowa ya zauna da tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya. Ku gaishe su yadda ya kamata, ku nemi izini, ku bar su su yi magana da Hausarsu, kada ku gyara musu ita. A farkon kowane ɗauka ku faɗi sunan mai magana da garinsa da ranar, sannan ku tambaye shi ko shi ya gani da idonsa, in kuwa faɗa masa aka yi, wa ya faɗa masa.